Farin Haƙori Da Lafiyar Haƙori: Kada Garin Gyaran Gira A Rasa Ido

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo manyan biranen ƙasar Hausa, wato ta neman farin haƙori ko ta halin ƙaƙa. Duk wanda ya leƙa Facebook ko Instagram ko TikTok ba zai rasa cin karo da tallar wata hoda ko wani ruwa da aka ce yana mayar da haƙora farare tas cikin kwana uku ba. Wasu shagunan gyaran amare sun sa wannan aiki cikin jerin abubuwan da suke yi wa amarya, a gefe guda kuma asibitocin haƙori masu zaman kansu suna yin nasu a kan kuɗi masu kauri. Wannan aiki na ƙara wa haƙori haske, wanda jama'a suka fi kira bilicin ɗin haƙori, yana da tushe a kimiyya, kuma idan gwani ya yi shi yakan biya bukata. Sai dai akwai abu guda da masu talla ba su cika faɗa ba: aikin ado ne kawai, ba ya warkar da kowace cuta, kuma ba ya halatta a taɓa haƙorin mutum da shi sai bayan likitan haƙori ya bincika ya gano dalilin da ya sa launin ya sauya tun farko.

Yadda Allah Ya Gina Haƙori

Kafin a yi maganar sauya launin haƙori, ya kamata mai karatu ya san daga ina launin yake fitowa. Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne ɓawo mai ƙyalli da masana ke kira inamel, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan'adam, domin kimanin kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne zalla na kalsiyam da fosfet. A inda ya fi kauri, wato kan turame, bai wuce milimita 2 da rabi ba. A ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu, dentin, wanda ya yi kama da ƙashi, kuma launinsa na halitta rawaya-rawaya ne. A can tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiyoyin jini da jijiyoyin ji suke zaune.

Shi ɓawon nan haske na ratsa shi kamar yadda yake ratsa gilashi mai hazo, saboda haka launin da ake gani idan mutum ya yi murmushi galibi na dentin ne da ke ƙarƙashi. Ke nan ɗan rawaya-rawayan da ake gani a haƙorin baligi mai lafiya halitta ce. Wannan ne ma dalilin da ya sa haƙoran nono na yara suka fi na manya fari, kuma fiƙa takan fi haƙoran gaba duhu, domin dentin ɗinta ya fi kauri. Yayin da mutum ke manyanta, ɓawon yana ƙara siranta saboda tauna, dentin kuma yana ƙara kauri daga ciki, don haka haƙorin dattijo ya fi na saurayi rawaya ko da kuwa ya fi shi tsafta.

Akwai wata gaskiya game da ɓawon haƙori da ya wajaba a riƙe ta da kyau. Ƙwayoyin halittar da ke gina shi suna ƙarewa ne da zarar haƙori ya tsiro. Fata in ta yanke takan haɗe, ƙashi in ya karye yakan ɗoru, gashi da farce sukan sake fitowa, amma ɓawon haƙori in ya goge ya tafi ke nan har abada. Yawu na iya mayar da ɗan ma'adinin da ya zube daga samansa, amma ba ya iya sake gina abin da aka kankare.

Launi Iri-Iri, Dalili Iri-Iri

Masana sun kasa sauyin launin haƙori gida biyu. Na farko shi ne tabon da ke zaune a waje, wanda goro da shayi da kofi da taba sigari da taba gari ke jawowa. Haka nan ruwan maganin ƙarin jini da ake ba yara, da wani ruwan kuskure baki mai suna kuloheksidin in an daɗe ana amfani da shi, duk sukan bar irin wannan tabo. Tabon yakan maƙale ne a jikin dattin da ya taru ya daskare kamar dutse a gindin haƙora. Maganinsa shi ne wankin haƙori a asibiti, inda ake kankare daskararren dattin da na'ura a goge saman haƙorin. Da yawa daga cikin masu cin goro da ke neman bilicin, wannan wanki kaɗai suke bukata, kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne launin da ke cikin jikin haƙorin kansa, kuma a nan ne ake samun labarai mabambanta. Tun shekarun 1950 likitoci suka gano cewa maganin tetirasaikilin, idan mai juna biyu ta sha ko aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yakan shiga cikin haƙoran da ake kan ginawa ya bar zane mai ruwan toka ko ruwan ƙasa wanda ba ya fita da wanki. A ƙasar da ake sayar da kafso a kan tire a tashar mota ba tare da takardar likita ba, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne. Akwai kuma haƙori guda da ke yin duhu shi kaɗai bayan an buge shi a faɗuwa ko haɗarin babur, wanda alama ce ta cewa ɓargonsa ya ji rauni ko ma ya mutu. Sannan akwai baƙin ɗigon da ke nuna ruɓewa ta fara cin haƙori.

Sai kuma tabon fuloraid, wanda tarihinsa ke ɗauke da babban darasi. A shekarar 1901 wani matashin likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya sauka a jihar Kolorado ta Amurka, ya tarar da mutanen wurin da dama haƙoransu sun yi dabbare-dabbare da ruwan ƙasa. Ya shafe shekaru yana bin diddigin abin, kuma a cikin haka aka lura da wani abin mamaki: waɗannan haƙora masu muni a ido sun fi na sauran mutane jure wa ruɓewa. Sai a 1931 aka tabbatar da cewa yawan sinadarin fuloraid a ruwan sha ne sanadi. Daga wannan bincike ne aka gane cewa fuloraid kaɗan kariya ne ga haƙori, har birnin Grand Rapids ya fara zuba shi a ruwan famfo a 1945, kuma shi ne ake sawa a makilin a yau. Amma in ya yi yawa sai ya zama cuta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a yankin nan. An san ta a Langtang ta Jihar Filato, kuma a Tibiri da ke kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ruwan rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 ya ɓata haƙoran ɗaruruwan yara, ya kuma tanƙwara ƙasusuwan wasunsu.

Abin da duk wannan ke nunawa shi ne launin haƙori saƙo ne, kuma sai wanda ya iya karanta shi zai san abin da yake cewa. Haƙori mai tabo na iya kasancewa garau, farin haƙori kuma na iya zama a kan dasashin da ke zubar da jini, mai shirin sakin haƙorin nan da 'yan shekaru. Wanda ya shafa sinadari a kan launin da bai san sanadinsa ba, kamar wanda ya yi wa bangon da ya tsage farar ƙasa ne.

Abin Da Likita Ke Yi

Sinadarin da ake wannan aiki da shi ba sabo ba ne. Haidirojin feroksaid ne, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke gyambo da shi, wanda masanin kimiyyar sinadarai ɗan Faransa Louis Jacques Thénard ya gano a 1818. Tun kafin ƙarshen ƙarni na 19 likitoci suka fara gwada shi a kan haƙora. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka sukan ratsa ɓawon haƙori ta ƙananan kafofin da ido ba ya gani har su isa dentin. A can sukan saki oksijin mai kaifi wanda ke farfasa manyan ƙwayoyin da ke riƙe launi, su koma ƙanana marasa launi. Babu abin da ake kankarewa, babu kuma fentin da ake shafawa. Launin ne ake kashewa daga ciki.

Hanyoyin da likita ke bi uku ne. Ta farko ita ce wadda ake yi a kan kujerar asibiti, inda a ƙasashe da dama ake amfani da feroksaid mai ƙarfin kashi 25 zuwa 40 cikin 100. Da yake wannan ƙarfi na ƙona nama, sai likita ya fara rufe dasashi da wani shinge na roba ko na ƙaro, ya kare leɓe da harshe, kafin ya shafa sinadarin na 'yan mintoci, ya goge, ya sake. Ta biyu ita ce wadda Van Haywood da Harald Heymann na Jami'ar Karolina ta Arewa suka bayyana a 1989, inda likita ke auna bakin mutum ya ƙera masa wata 'yar roba daidai da haƙoransa, ya ba shi kabamaid feroksaid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 ya riƙa sawa da dare na wasu makonni. Wannan sinadari yakan narke a hankali ya ba da haidirojin feroksaid na kimanin kashi 3 da rabi kacal. Hanya ce mai jinkiri, amma ita ce aka fi nazari a kanta, kuma sakamakonta a ƙarshe ba ya gaza na ta farko. Ta uku ta haƙorin da ɓargonsa ya mutu ce, inda bayan an yi masa aikin jijiya ake sa sinadarin a cikinsa a rufe na wasu kwanaki.

Game da shuɗiyar fitilar nan da ake haskawa a baki, wadda masu talla suka fi son nunawa a hoto, nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna cewa ba ta ƙara wani abin kirki a kan aikin feroksaid mai ƙarfi. Wani ɓangare na farin da ake gani ana tashi daga kujera bushewa ce kawai, domin haƙorin da ya daɗe a buɗe babu yawu yakan yi fari-fari na ɗan lokaci, ya koma bayan kwana ɗaya ko biyu.

Iyakarsa Da Illolinsa

Ko a hannun gwani, aikin yana da farashin da ba na kuɗi ba. Illar da ta fi yawa ita ce tsamin haƙori, wato wannan zafi mai kama da walƙiya da ake ji in an sha ruwan sanyi ko iska ta buga. Dalili kuwa shi ne feroksaid ba ya tsayawa a dentin, cikin 'yan mintoci wani abu daga cikinsa yakan isa ɓargo ya tsokane shi. Ga mai lafiyayyen haƙori wannan yakan wuce cikin 'yan kwanaki, kuma likita na da magungunan rage shi. Amma ga wanda haƙorinsa ke da kogo ko tsagewa, ko dasashinsa ya ja baya saiwa ta fito, ƙofa a buɗe take, kuma azabar da zai sha ba ta misaltuwa. Saboda haka ne likitan kirki ba ya fara bilicin sai ya cike kogo, ya warkar da dasashi, wani lokaci ma sai ya ɗauki hoton haƙorin. Haka kuma ana shawartar mai juna biyu da mai shayarwa su jinkirta, tunda aikin ba na gaggawa ba ne.

Bugu da ƙari, feroksaid ba ya sauya launin cikon da aka yi wa haƙori, ko hular da aka sa masa, ko haƙorin roba, balle haƙorin Makka. Wanda ke da ciko a haƙorin gaba zai wayi gari sauran sun yi fari cikon yana nan da tsohon launinsa, sai an sake wani aikin da wani kuɗin. Zanen tetirasaikilin yakan ɗauki watanni kafin ya ɗan yi sauƙi, tabon fuloraid mai tsanani kuwa sau da yawa sai an haɗa da wasu dabaru. Sannan farin ba ya dawwama. Daga wasu watanni zuwa kimanin shekara 3 launi yakan fara komawa, kuma ga ma'abucin goro da shayi da taba ya fi saurin komawa.

Me Ya Sa Sai Likita?

Wani zai iya cewa ai likitoci kasuwarsu suke karewa, kuma tunda sinadarin guda ne, mene ne laifin mai shago in ya saya ya shafa wa mutane a kan kuɗi kaɗan? Wannan ƙorafi yana da ɗan kamshin gaskiya, domin kuɗin asibiti ya fi ƙarfin talaka, kuma a cikin likitoci ma ba a rasa masu zuga mutum ya yi abin da ba ya bukata. Amma abin da ake biya a wurin likita ba shafawar ba ce, domin shafawa ko yaro ya iya. Ana biyan idon da zai bambance tabon goro da mataccen haƙori, da kuma hukumar da za a kai ƙara gare ta in an yi ɓarna. Ƙasashen da suka riga shiga wannan harka sun gane haka. A 2011 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa abin da za a sayar wa kowa kai tsaye kada ya wuce kashi 0.1 cikin 100 na haidirojin feroksaid. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, bayan bincike, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. A 2013 wata babbar kotu a Ingila ta yanke hukuncin cewa bilicin ɗin haƙori aikin likitancin haƙori ne, wanda ba shi da rajista ba shi da hurumin yin sa.

Mafi haɗari duka su ne haɗe-haɗen gida da ake yaɗawa a waya: lemun tsami da gishiri, lemun tsami da kanwa, gawayi, toka da makamantansu. Ɓawon haƙori yana fara narkewa ne idan tsami ya sauko ƙasa da 5.5 a ma'aunin pH, ruwan lemun tsami kuwa yana wajen 2 zuwa 3, wato ya fi abin da haƙori ke iya ɗauka tsami sau ɗaruruwa. Mai shafa shi ya bi da buroshi yana tausasa ɓawon ne sannan ya kankare shi. A kwanakin farko haƙorin zai yi haske, mai shi ya yi murna, amma yayin da ɓawon ke siranta rawayan dentin zai ƙara bayyana, sai ya ƙara ƙaimi wajen gogewa, abu ya ƙara lalacewa. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan. Shi ma gawayi, wani nazari da mujallar Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta buga a 2017 bai sami gamsasshiyar hujja a kan amfaninsa ko amincinsa ba.

Ina Aka Dosa?

Yana da kyau a tuna cewa abin da ake kira kyakkyawan haƙori yayi ne, kuma yayi sauyawa yake yi. Ba a daɗe ba matan Hausawa ke goga fure, wato furen taba, tare da goro domin haƙoransu su yi ja, kuma a wancan zamani wannan shi ne ado. A Japan matan aure sun shafe ƙarnuka suna rina haƙoransu baƙi ƙirin, sai a 1870 gwamnati ta fara hana masu sarauta yin haka. Farin da ake gani a bakin taurarin fina-finai a yau sau da yawa ma ba haƙori ba ne, fale-falen tangaran ne da aka manna a kai. Bai kamata yarinya ta ƙona dasashinta domin ta kamo launin da babu shi a halitta ba. Darasin man bilicin na fata, wanda ya bar mata da yawa da ƙuna da nadama, ya isa ishara.

Akwai kuma batun abin da ya fi cancanta a sa a gaba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma mafi yawansu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. A Sakkwato akwai asibiti sukutum, wanda aka kafa a 1999, domin yaran da cutar noma ta ci wa fuska, cutar da ke farawa daga gyambon dasashi a jikin yaron da yunwa ta raunana. Sai a watan Disamba na 2023, bisa jagorancin Nijeriya, aka sa ta cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa riƙon sakainar kashi. A ƙasar da likitocin haƙori ba su wadata ba, kuma mafi yawansu suna birane, abin takaici ne a ce an fi jin tallar farin haƙori fiye da wa'azin wanke shi.

Saboda haka kira na farko yana kan hukumomi. Ya kamata NAFDAC ta sa ido a kan hodoji da ruwayen da ake sayarwa ba tare da bayanin abin da ke cikinsu ba, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya kuma ta tsaya tsayin daka a kan masu yin aikin ba tare da rajista ba. Kira na biyu yana kan likitoci, su faɗa wa mai zuwa gaskiya ko da za ta hana su ciniki. Na uku yana kan jama'a. Goge baki sau biyu a rana da makilin mai fuloraid, riƙe aswaki wanda addini da al'ada suka kwaɗaitar da shi, kuskure baki bayan goro da shayi, rage zaƙi, da zuwa wankin haƙori lokaci-lokaci, su ne tushe. Wanda ya yi duk wannan kuma har yanzu yake son ƙarin haske, babu laifi a kansa. Ya je wurin likita mai rajista, ya bari a bincike shi, ya tambayi ƙarfin sinadarin da za a sa masa, ya kuma yarda in an ce masa bai dace ba. Haƙora 32 aka ba baligi, babu na canji a bayansu, kuma masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.